Mai Ƙaho a Gangaren Toktosun

Ranar da aka bugo daga Mosko cewa an haifa wa Toktosun jika namiji, ko shayinsa bai ƙarasa ba. Ya saɓi shebur ya haura gangaren bayan gida, ya jera dashen itacen terek. Haka ake yi a ƙauyenmu: in an haifi namiji a dasa masa terek, kafin ya isa aure itacen ya miƙe ya isa azarar rufin gidansa. Sai dai tsohon ba rufi kaɗai ya hango ba. Ɗansa Mirlan ya daɗe a can yana aikin gini, kullum maganarsa "baɗi za mu dawo, Ata," wato Baba, kuma Toktosun ya ƙudurta a ransa cewa muddin azarar yaron na girma a nan, wata rana dole su zo.

Bayan dashen ya wuce tsayin mutum, sai wata safiya ta watan Mayu, ƙanƙara ta janye zuwa kan tsaunuka, ya tarar da biyu na kusurwa an saɓule musu ɓawo, fari fat, an kuma tone ƙasar gindinsu.

"Burul! Zo ki ga aikin maƙiya!"

Matarsa ta hauro tana dafa gwiwa, ta duƙa ta duba sawu.

"Wane maƙiyi gare ka, tsoho, in ba bakinka ba? Elik ne. Ga kofatonsa nan."

Elik, barewar dajinmu, ba ta da fitina sai a wannan wata. Da ƙahon namijin ya yi ƙwari, shi ke nan, duk duniya ta zama gonar ubansa. Ya gurza ƙaho a jikin ƙananan itatuwa, ya shafa musu warin goshinsa, ya tona ƙasa, don kowane namiji ya san wurin nan da mai shi.

"Mu yanka tsohuwar shimfiɗar ulun nan mu naɗe musu jiki," in ji Burul.

"Ni? In ɗinka wa itace wando saboda akuya? Allah Ya kiyaye!"

Washegari Toktosun ya yi ido biyu da elik ɗin. Wani ƙosasshe ne, jaja-jaja, kunne ɗaya a tsage. Ya dubi Toktosun sama da ƙasa, ya buga ƙafa, ya saki haushi irin na karen da mura ta kama. Toktosun, mutum da furfura har gira, ya cire hula ya rama masa haushin. Suka yi ta yi, wannan ya yi wancan ya amsa, har Burul ta leƙo ta taga tana tambayar wanne daga cikinsu za ta zuba wa ƙashi.

Toktosun ya kafa sanda ya rataya tsohuwar rigar sanyinsa. Elik ya gurji sandar. Ya rataya sabulu mai ƙamshi, hankaki suka cinye. Ya kai rediyonsa ya bar shi a kunne, dabbar nan ta zo ta yi kiwo a gefensa hankali kwance.

"Madalla," in ji Burul. "Yanzu ya fi ka sanin labaran duniya."

Wannan magana ce ta tunzura shi. Ya je wurin maƙwabcinsa Sheishen ya aro karen farauta, dogon nan mai cikin zanzaro, ya sake shi da sassafe. Kai, ranar an sha gudu! Elik ya tsallake rafi, ya haye tudu, ya ɓace. Toktosun ya dawo yana tafiyar ƙasaita, ya ci burodi da man shanu da zuma kamar wanda ya ci yaƙi. Bayan kwana kaɗan Sheishen ya kora tumakinsa zuwa makiyayar tsauni, karen ya bi shi.

Sai ga samari. Ashe duk ƙananan mazan elik da ke raɓe a bakin daji tsoron mai tsagaggen kunne ne ya hana su shigowa. Da suka ji wuri ba mai shi, kowa ya zo neman rabo. Shi mai tsagaggen kunne itatuwa biyu kawai ya riƙe, su yake komawa kullum. Waɗannan kuwa ba tsari ba kunya: wannan ya gurza, wancan ya zo ya gurje a kai, na uku ya zaɓi sabuwa a tsakiyar layi. Wadda aka zagaye wa ɓawo kuwa ta tafi ke nan, sai bushewa.

Burul ta same shi zaune a ƙasa cikin fararen sanduna, hula a gwiwa. Ya ji tsoro, tsoro na gaske, cewa ya rasa abin da zai jawo yaran gida.

"Tsohuwa," ya ce, "mai gadi na kora da hannuna."

Ta koma ta ɗauko shimfiɗar ulun da almakashi. Suka yini suna ɗinka wa sauran itatuwan wanduna, kuma Allah Ya saka mata, sau ɗaya tak ta tuna masa wanda ya fara kawo shawarar. Biyun kusurwa ya hana a taɓa. Ya ɗora curin gishiri a kan dutse kusa da su, ya fuskanci daji ya ɗaga murya.

"Kai mai kunne! Na yi kuskure. Dawo ka karɓi kayanka!"

Bai dawo da wuri ba, ɗan banza, sai da ya ja aji. Amma wata safiya Toktosun ya jiyo karon ƙaho da gudu cikin ciyawa, ya fito ya ga samari suna watsewa ta ko'ina, mai tsagaggen kunne na tsaye a kusurwa yana huci yana haushi. Ana cikin haka waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Ata, kare kuka samu ne? Ina jiyo haushi," in ji Mirlan.

"Maƙwabci ne. Ba ya son baƙi."

"Ya terek ɗin yaro?"

Toktosun ya dubi layin: busassu a tsakiya, tsirarun masu wando nan da can. Ya so ya ce lafiya lau, bakinsa ya ƙi.

"An yi ɓarna, ɗana, kuma laifina ne. Abin da ya rage ba zai rufe gida ba. Ɗaki ɗaya, in an matsa."

Can tsohon ya jiyo muryar yaro tana gwalanti a bayan uban, sannan Mirlan ya yi gyaran murya.

"Ɗaki ɗaya ya ishe mu, Ata. Ka dai kula mana da su."