Surukin Nas a Kwamitin Haɗin Gwiwa

Shekara talatin Nas ta yi tana yi wa mutane allura kafin ta yi ritaya, sunan kuma ya biyo ta har gida. Da zaman banza ya ishe ta, sai ta tara mata shida na unguwa suka kafa ƙungiyar raka tsofaffi asibiti, ba albashi ba ofis. Damuwarsu ɗaya ce. Bas yana sauke mutane ne a gaban shagon mai faci, daga nan zuwa ƙofar asibiti kuwa hawa ne da ke cin tsoho minti ashirin, har da hutu biyu a dakalin mutane.

Da takarda ta zo cewa an ba ƙungiyoyin sa-kai kujera ɗaya a kwamitin haɗin gwiwa na ma'aikatun gari, ta shirya tun da safe. Mijinta yana wurin aiki, babu wanda za ta bar wa mahaifinsa, sai ta tafi da tsohon. Ya haura tamanin, kunnensa na dama ya daina aiki, na hagu kuma sai ya ga dama. Ta zaunar da shi a kujerar roba a bakin ƙofar ɗakin taro.

Da aka zo kanta, ta miƙe ta roƙi a matso da tashar bas ƙofar asibiti. Jami'in Sufuri ya ce tasha tasa ce, amma ƙasar da take kai ta Injiniyan Hanya ce. Injiniya ya ce ƙasa tasa ce, amma tsofaffin na Daraktan Lafiya ne. Darakta ya ce tsoho ba ya zama nasa sai ya shigo ƙofa. Shugaban kwamiti ya gode mata, ya ce a ɗage maganar.

Ana cikin haka tsohon ya ɗaga murya daga bakin ƙofa. "A buɗe tagar nan mana, mutane na shaƙewa."

Shugaba ya cire tabarau. "Wane ne wannan bawan Allah?"

"Surukina ne, ranka ya daɗe," in ji Nas. "Zafi yake ji."

"Wata takwas muna neman muryar jama'ar da muke yi wa aiki, ashe ga ta a bakin ƙofa."

Sakatariya ta rubuta cewa al'umma na so a daina yi mata ƙumbiya-ƙumbiya. Tagar dai ba a buɗe ba, don makullinta yana hannun wata ma'aikatar da ba ta turo wakili ba.

A wata na gaba mota aka aiko wa tsohon. Nas ta ga dama ta samu, ta yi kwana uku tana koya masa abin da zai faɗa.

"Baba, ka ce tasha ta yi nisa da asibiti."

"Tasa? Wa ya ɗauke ta?"

"Tasha, Baba. Inda bas ke tsayawa."

A taron kuwa ya faɗa daidai, har ya naɗe wando ya nuna musu gwiwarsa da ta kumbura. Darakta ya daɗe yana jinjina kai.

"Abin da dattijo yake nufi, asibiti ya yi nisa da zukatan jama'a."

"Gwiwarsa yake nufi, yallaɓai," in ji Nas. "Ga ta nan kuna gani."

"Ai shi ya sa ya nuna ta," in ji Injiniya. "Haɗin gwiwa yake cewa a ƙara."

Aka yi tafi. Kafin a tashi an amince a kusanto da asibiti ga jama'a. Aka ciro allon sunan asibitin, mai walda ya manne shi a jikin ƙarfen tashar bas, aka ɗaura ƙyalle, tsohon ya yanka da almakashi.

Daga ranar tsofaffi suka riƙa sauka su ga allo, su ja layi a gaban shagon mai faci. Mai facin ya yi bayani har ya gaji, ƙarshe ya fito musu da benci. Wata tsohuwa ta miƙa masa hannu ya auna mata jini da abin gwada iskar taya. Nas da matanta suka koma kwasar mutane daga layin suna haurawa da su. Biyu cikin matan suka ce sun bari. Ita kanta ta rubuta takardar ajiye kujerar kwamiti, ta sa a jaka, ta kasa miƙawa.

Sai aka ce masu duba asibitoci suna tafe daga hedikwata, Darakta ya tuna asibitinsa ba shi da allo. Ya tura leburori su maido da shi. Suka buga da guduma, walda ta ƙi saki. Da rana ta yi musu zafi sai suka tono ƙarfen gaba ɗaya, da allon asibiti da alamar bas a jiki, suka kafa shi da siminti a ƙofar asibiti.

Direban bas kuwa umarnin da aka ba shi shi ne ya tsaya inda ya ga alama. Washegari ya wuce shagon mai faci ya hau har ƙofa. Nas tana tsaye ta ga tsofaffi suna sauka, taku uku suna ciki. Ta nemi matakala ta zauna.

A taro na gaba Jami'in Sufuri ya kai ƙarar cewa an sace masa tasha. Shugaba ya nemi wanda zai bincika yadda aka yi, kowa ya duƙar da kai a kan takardunsa, sai aka ɗora wa wakiliyar ƙungiyoyin sa-kai. Nas ta karɓi fayil ɗin da hannu biyu, ta ce aikin yana da zurfi, a ba ta shekara biyu, kuma kada a taɓa ƙarfen sai ta gama. Aka amince.

A mota, kan hanyar gida, tsohon ya taɓa ta da sanda.

"'Yar nan, wai mutanen nan me suke sayarwa ne?"

Direba ya ce shi ma shekara tara yana kai su taro, bai taɓa ganin hajar ba.