Jar Gona

Direban ofishin binciken ruwa ya shiga ɗakin taswira karɓar makullin mota, sai idonsa ya faɗa kan allon kwamfuta. Hoton kwarinsu ne daga tauraron ɗan adam. Ga gwiwar rafi, ga dutse, ga gonar da ya gada a gindinsa, ja wur kamar an zuba mata garwashi. Filayen bakin titi kuwa fari-fari, tsaf da su.

Yayansa ya daɗe yana bin sa su yi musaya, ya karɓi gonar ya ba shi fili a bakin titi, kuma yau ne direban ya ce zai ba shi amsa.

"Ranki ya daɗe, a ba ni izini in je gida da wuri," ya ce wa Injiniya, wadda ke cin gyaɗa tana jan linzamin kwamfuta. "Zan rabu da gonar can tun Yaya bai ga hoton nan ba."

"Wacce?"

Ya nuna da makulli.

"Kai, cire ƙarfe daga allona! Me ta yi maka?"

"Ba ki ga ta ƙone ba?"

Ta yi dariya har ta ƙware. "A irin wannan hoton, ɗanyen ganye ne ke fitowa ja. Da rani aka ɗauka. Bishiyar da ba ta zubar da ganye ba, saiwarta na shan wani abu a ƙasa."

Ta ɗora taswirar gangara a kan hoton, ta ƙara ta tsagewar duwatsu, sannan ta irin ƙasa. Wani siririn layi ya ratsa gonar.

"Ruwa ke nan?"

"Alama ke nan. Sai mun kai na'ura mun auna kafin a kira masu haƙa. Amma in ni ce, ba zan bayar ba."

Ya fita baranda ya kira Yaya a waya.

"Yaya, musayar nan na fasa."

"Ɗan banza, wa ya zuga ka?"

"Daga sama aka leƙo."

Yaya ya ce, "To in ruwan ya fito, gefen dutsen nawa ne. Tumatir zan sa."

"Ka zo da fatanyarka dai."

Ya mayar da wayar aljihu, ya je wanke mota yana fito.