Gwajin Inji a Hanyar Sheme

Injin farko na motar Rabo ya mutu ne a hanyar Sheme, ranar da 'yan bindiga suka buɗe wa motoci wuta a wata kwana da ke tsakanin gonakin dawa. Harsashi ya huda lagireto, ruwa ya tsiyaye, shi kuwa bai ɗaga ƙafa daga totur ba sai da ya shigo Ƙanƙara da fasinjojinsa, babu wanda ya yi ko ƙwarzane. A bakin tasha injin ya yi wata ƙara ya tsaya, bai sake tashi ba. Mutane suka yi ta sa masa albarka na 'yan kwanaki, daga nan kowa ya koma harkar gabansa.

Ya sayar da shanun huɗarsa, ya tafi Kaduna ya sayo inji ɗan Beljiyam. Makanike ya ɗora shi a tsohuwar Golf ɗin, aka murza makulli, ya tashi da murya mai laushi. A cikin gari lafiya lau motar take tafiya. Amma da zarar an hau kwalta an taka ta sosai, sai ta shaƙe, ta riƙa fizga, ba ta dawowa daidai sai an sassauta ƙafa.

Alhaji Mani, shugaban direbobin tashar, shi ya gwada ta da kansa. Dokarsa ce tun da hanya ta lalace: motar da ba ta iya gudu ba ta lodi a layin Sheme da 'Yankara. Ya dawo ya kashe ta a gindin darbejiya, ya miƙa wa Rabo makulli.

"Rabo, wannan ai amarya ka kawo mana. Tafiyar kai ta ɗakin miji take yi."

Direbobin da ke kan benci suka yi dariya. Rabo ma ya murmusa.

"Alhaji, a taimaka a sa ni layi ko na gajeren zango ne. Gida babu komai."

"Ka fi kowa sanin kwanar nan. In ta shaƙe maka a wurin da mutum tara a ciki, me zan ce wa iyalansu? Ka gyara ta. Ranar da ta yi gudu, ni zan fara kiran fasinja da bakina."

Makanike ya ce a cire kayan lantarkin duka a mayar da ita kafireta, kamar yadda ake yi wa kowace motar da ta gagara. Rabo ya ƙi. A daminar nan hukuma ta ƙayyade man da za a sayar wa kowace mota, an hana jarka, kuma ya ga yadda motocin da aka yi wa haka suke shan mai. In aka yi mata, zaryar gidan mai kawai zai riƙa yi.

Wanda ya zo da wata magana daban ƙanin matarsa ne, Abdulgafar, magidanci mai aikin wayarin ɗin mota a bakin kasuwa. Ya taɓa zama a Kaduna wurin wani oga da ke saita motoci da kwamfuta, ya dawo da tsohuwar laftof da wata igiya mai faɗin kai, amma bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba. Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona igiyar, ya daɗe yana kallon lambobi.

"Yaya Rabo, injinka lafiyarshi ƙalau. Ƙwaƙwalwar motar ce, biren bokis. Ta tsohon injin ce, ba ta san an yi sauyi ba. Abincin tsoho take auna wa saurayi. In ka taka, iska ta yi yawa, mai ya gaza, sai ta tsorata ta yanke."

"To a sayo wata mana."

"Wadda ta zo da injin ba za ta yi magana da makullinka ba. Sai dai a koya wa wannan sabon awo. Ni ban kai in rubuta mata ba, Oga ne zai rubuta. Namu mu auna, mu aika mashi."

Yadda aikin yake, kamar yadda Abdulgafar ya bayyana, sai an fita da motar an taka ta har inda take shaƙewa, laftof na kan cinya tana ɗaukar abin da inji ke yi. A tura wa Oga. Shi ya duba, ya gyara awon mai kaɗan, ya turo fayil, a zuba a ƙwaƙwalwar, a sake fita. Ba a yi a tashi ɗaya, don in aka yi ganganci inji ne zai ƙone.

Abu biyu suka tsaya musu. An katse sabis ɗin waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu, saboda masu tsegunta wa mutanen daji labarin hanya. Duk mai son aika saƙo sai ya wuce Malumfashi ya doshi iyakar Kano. Na biyu kuma, Oga ya ce a auna a hanyar da motar za ta yi aiki, da hawanta da gangarenta, kuma miƙaƙƙiyar kwaltar da ta isa a saki giya ta huɗu tana can ne a hanyar Sheme.

Haka suka fara. Da hantsi, bayan motocin kasuwa sun wuce, su fita su biyu, mota babu fasinja. Rabo ya taka daga wata gada zuwa kwanar nan, Abdulgafar na cewa, "Riƙe nan, riƙe nan, kada ka saki." Su juya, su dawo gada, su sake. Manoma na ɗago kai daga cikin dawa suna kallonsu. Washegari Abdulgafar ya shiga motar haya da laftof a jaka ya tafi neman sabis, ya dawo da yamma da sabon fayil.

Motar ta soma sakin jiki. Inda take shaƙewa ya matsa gaba, fizgar ta ragu. Ranar da allura ta haye ɗari ba tare da ta yi tari ba, Rabo ya sayo tsire ya kai gida. Matarsa Shafa'atu ta karɓa, ta raba wa yara, ba ta ci ba.

"Yau a gidan suna an tambaye ni me kuke aunawa a hanyar Sheme," in ji ta.

"Me kika ce?"

"Na ce inji. Suka ce to."

Rabo bai ɗauki maganar da nauyi ba. Shi da ya shigo da mota harsashi a jikinta, wa zai yi masa wani zato?

Ranar kasuwar 'Yankara aka tare wata motar hatsi a tsakanin gadar nan da kwanar nan, aka shige daji da direba da mutum uku. Ana gobe abin zai faru Rabo da Abdulgafar suka yi ta kai-komo a daidai wurin.

Da suka fita gwaji na gaba, 'yan sa-kai suka tsayar da su a shingensu tun ba su bar gari sosai ba. Kwamandansu, wani mai suna Dada, manomi ne da aka kashe wa ɗan'uwa a bara. Rabo ya san shi, ya sha ɗaukarsa kyauta. Ranar bai amsa sallama ba.

"Buɗe na'urar nan."

Abdulgafar ya buɗe. Layuka ja da kore suna hawa suna sauka, ga lambobi jere.

"Mene ne wannan?"

"Iska ce da mai, ranka ya daɗe. Wannan zafin inji, wannan kuma…"

"Wa kake kai wa?"

"Ogana, a Kaduna."

"Gwamnati ta kashe waya don kada a aika labari. Kai ka shiga mota har iyakar Kano ka aika. Kawo wayar."

Dada ya danna saƙon murya na ƙarshe, ya ɗaga wayar yadda kowa zai ji. Muryar Abdulgafar ta fito tarau: "Oga, mun yi daga gada zuwa kwana kamar yadda ka ce. Hantsi ya fi, lokacin hanya ba kowa, motocin kasuwa sun riga sun wuce. Gobe ma za mu koma."

Rabo ya ji kalmomin yadda mutanen da ke riƙe da bindigogin toka suka ji su, ya kuma san babu bayanin da zai iya mayar da su yadda suke a da. Duk da haka ya gwada. Ya buɗe gaban mota, ya nuna sabon inji, ya nuna ramin harsashi da har yanzu ke jikin ƙarfe. Wani matashi a cikinsu ya ce, "Ai shi ya sa. Mota bakwai aka harba ranar, taka kaɗai ta wuce."

Aka zaunar da su a rana a bakin shinge har bayan azahar. Alhaji Mani ne ya zo da liman, suka tsaya musu. An kai laftof wurin jami'an tsaro, wani da ya san kan abin ya duba ya ce babu komai ciki sai lissafin inji. Aka sake su, aka mayar musu da kayansu. Babu wanda ya bi unguwa-unguwa ya faɗi abin da jami'in ya ce.

Fayil na ƙarshe yana cikin laftof tun kafin a kama su, ba a kai ga zuba shi ba. Abdulgafar ya zuba shi a ƙofar gida, Rabo na riƙe da wayar batir kada ta motsa. Da ya gama ya naɗe igiyarsa.

"Yaya, ni zan koma Kaduna. An rubuta mani infoma da gawayi a ƙofar shago. Ka zo mu tafi, mota kamar wannan za ta yi aiki a can."

"In na tafi, sun gaskata kenan. Kuma in bar mahaifiyata da wa?" in ji Rabo.

Alhaji Mani ya sake gwada motar. Wannan karon ya jima bai dawo ba. Da ya shigo tasha ya zauna a ciki, inji na aiki, yana shafa sitiyari.

"Wallahi babu irinta a layin nan," ya ce a hankali. "Har kwana na kai, ko tari." Ya fito ya ce wa ɗan kamasho, "A sa Rabo a layi."

Ranar kasuwa ta zagayo, layi ya zo kansa da safe. Ya wanke mota, ya buɗe ƙofofi da but. Alhaji Mani ya tsaya kusa da ita yana kira, "Sheme, 'Yankara! Sheme, 'Yankara!" Fasinjoji suka taho da buhunansu, suka ga mota, suka ga direba. Wasu suka ce akwai wanda suke jira. Wasu kuwa suka je suka tsaya a jikin motar da ke bayansa, wadda ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Wani dillalin awaki da Rabo ya shigo da shi gari ranar harbin ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya wuce ya zauna a inuwa.

Wata tsohuwa baƙuwa daga wajen Daudawa ta shiga ta zauna a baya, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya. Rabo ya ce mata, "Sannu Hajiya, yanzu za mu cika." Jim kaɗan wani mutum ya sunkuya ta taga ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta dubi ƙeyar Rabo, ta tattara ƙullinta.

"Ɗan nan, ka yi haƙuri, na yi mantuwa," in ji ta.

Da rana ta take, direbobin baya suka fara gunaguni, kasuwa za ta ci ba su tashi ba. Alhaji Mani ya zo ya jingina da ƙofa, bai dubi Rabo ba.

"Ka ɗan ja gefe su yi lodi. Gobe sai mu gani."

"Gobe me zai canza, Alhaji?"

Alhaji Mani ya gyara hularsa, ya ce ana kiransa a ofis.

Rabo ya ja motar zuwa bakin katanga. Ta baya ta cika nan take, mutum uku a gaba, ta fita tana hayaƙi. Ta biye da ita ma ta cika. Ya zauna yana kallon su ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar, lokacin da babu mai bin hanyar Sheme kuma. Ya tashi ya rufe but, ya bi ƙofofin ya rufe su, ya ja motar ya nufi gida a giya ta biyu, don man da ke ciki ya kai shi gobe.