Garkar Malam Isa

Har bakin titi ake jin ihun da ke fitowa daga ɗakin maza na asibiti. Abdulwahabu, ma'aikacin jinya, yana tsaka da wanke almakasai aka ce likita na kiransa, ya goge hannu a jikin rigarsa ya shiga. Mutum uku ne suka danne wani ƙato a kan gado, likita na fama da bandejin da ya manne masa a fata. Man gas ne ya kama da wuta yana gyaran inji, hannayensa biyu da ƙirjinsa suka ƙone. An yi masa allurar kashe zafi, amma kamar an ɗiga ruwa a kan tanda.

“Kullum sai an wanke ciwon nan, kuma ba zan yi ta ɗura masa allura ba,” in ji likitan. “Zo ka taimaka da naka.”

Likitan Bamisre ne, kuma shi ya koya wa Abdulwahabu abin da yake kira tanwimi. Mutanen Talata Mafara kuwa barcin baki suke ce masa. Da magana kawai ake lallaɓa majiyyaci, a hankali a hankali, har hankalinsa ya bar ciwon ya tafi wani wuri mai daɗi, masu magani su yi aikinsu. Ba ya maye gurbin allura ko ƙwaya, tare suke tafiya. Likitan ya gwada da kansa ya kasa, don Hausarsa ta kasuwa ce. Shi kuwa Abdulwahabu ɗan gidan malamai ne, ya gaji murya mai sanyi irin ta masu karatun asuba. Da farko 'yan uwansa sun ce sihiri ne, sai da ya nuna musu babu layu, babu turare, kuma ba a iya yi wa wanda bai yarda ba.

Ya matso bakin gadon, ya dubi fuskar mai ihun. 

Wannan wushiryar ya san ta. Ya san tabon da ya raba girar hagu biyu. A katin da ke rataye a gadon an rubuta Falalu, amma shi ba ya bukatar suna. Lokacin da kamfani ya fara baje fadamar Bakura don aikin dam ɗin Bakolori, wannan mutumin ne ya zo a kan katafila garkar Malam Isa, mahaifin Abdulwahabu. Albasa ta kusa cira, mangwaro ya yi fure. Tsohon ya tsaya a gaban ƙarfen da carbinsa, yana roƙon a bar shi ya kwashe abin da ya shuka. Direban ya leƙo, goro cike da baki, ya ce, “Tsoho, kauce, aiki nika yi.” Kafin azahar babu garka. A wurin Malam Isa ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ga daminar shekarar ba. Abdulwahabu ne ya goyo shi zuwa gida.

In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa. Ga shi yau Allah ya kwantar masa da mayen a gabansa, ba hannu.

“Sannu, bawan Allah,” ya ce, muryarsa ko rawa ba ta yi ba. “Allah shi ba ka lahiya. Ku sake shi. Hwaɗa min, ina na wurin da hankalinka ka kwanciya in ka tuna shi?”

Da wannan tambayar ake farawa kullum, kuma Abdulwahabu ya tsane ta. Duk majiyyacin da ya fito daga Maradun, in ka tambaye shi, sai ya ambaci wurin da ruwan dam ya riga ya shanye, tsakar gidan uwarsa ko inuwar wata tsamiya, ya kama kuka maimakon barci.

Falalu ya girgiza kai, gumi na zuba. “Ba ni da shi, Malam. Ni tun ina yaro bisa mota nike. Ban san wuri ba sai hanya.”

Abdulwahabu ya dube shi. Wata dabara ta faɗo masa, muguwa, ya ji daɗinta har cikin haƙoransa. Zai kai shi garkar a cikin barcin. Zai bari ya shiga ya saki jiki, sai likita ya kama bandejin da ya fi mannewa, sannan ya shigo masa da katafila.

“To ni in ba ka nawa aro,” ya ce. “Rufe ido. Ja lumfashi, ka sake shi sannu. Ga wani dutse baƙi mai faɗi, shina da ɗumin hantsi. Zauna bisa nai. Ka ji ɗumin?”

“Na ji.”

“Tashi ka fuskanci gabas. Rijiya na gabanka. Bi ta dama, don bakinta na hagu ya zabge. Ka ji jigo shina kuka, guga na hawowa. Wuce shi. Duƙa, akwai reshen mangwaro ƙasa-ƙasa, kada shi buge ka. Yawwa. Ga fangalin albasa nan, ruwa na gudu tsakaninsu. Kada ka taka albasa. Tsuguna bisa kunya, ka sa hannuwanka cikin ruwan. Sanyi garai, kamar na randa.”

Kafaɗun Falalu suka sauka. Likita ya fara ɓare bandejin, mutumin bai motsa ba sai ɗan nishi. Abdulwahabu na magana, idonsa na kan fuskar, yana jiran ya ga alamar ya gane wurin. Ya ambaci dutsen, ya ambaci mangwaron, har da bukkar da Malam ke ba manyan ɗalibai karatu. Ko gezau. Sai ma wani murmushi da ya ɓullo da wushiryar nan. Takaici ya shaƙe Abdulwahabu har ya manta da shigo da katafilar, likita ya gama naɗe sabon bandeji.

Da Falalu ya buɗe ido, sai ya yi ta kallonsa kamar ya ga waliyyi.

“Malam, don Allah, wurin ga akwai shi duniya?”

Wato bai ma san ya taɓa ganinsa ba. Garkar da ta kashe Malam Isa, a wurinsa aikin safiya ɗaya ce cikin ɗaruruwa. A nan Abdulwahabu ya gane dabararsa ta farko ta yara ce. Zafin minti guda me zai yi wa wannan? Ai ba a raba mutum da abin da bai taɓa mallaka ba. Sai an ba shi tukuna.

“Akwai shi,” ya ce. “In ka warke ni kai ka.”

Haka aka ɗauki makonni. Kowace safiya Abdulwahabu zai ja kujera ya zauna, ya kai Falalu garka. Bai yi masa rowa ba ko kaɗan. Ya ba shi ƙamshin ƙasa in an yi ban-ruwa, ya ba shi kukan kurciya, ya ba shi ɗanɗanon rake daga kusurwar arewa. Abubuwan da bai taɓa faɗa wa 'ya'yansa ba, duk ya zuba su a kunnen direban katafila. 'Ya'yan dama ba su san garkar ba, a birni aka haife su. Ƙanensa Magaji kuwa, da ya taɓa ɗauko masa zancen, cewa ya yi, “Yaya, ni ko mangwaron ban tuna ɓangaren da yake ba. Abin da ya wuce a bar shi.” Abdulwahabu ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwarsa.

Ciwon ya yi ta kamewa. Falalu ya koyi zuwa garkar shi kaɗai, ba jagora. Ya kan ce wa na gadon kusa da shi, “Bari in leƙa albasata,” ya rufe ido, 'yan ɗaki su yi ta dariya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa Abdulwahabu ya ce wannan ne ubansa na duniya. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, mutane su ɗauka tawali'u ne.

Ranar sallama likita ya kama yatsun Falalu, waɗanda suka fara lanƙwashewa ciki kamar na kuturu.

“Saura babban aiki,” ya ce. “Kullum safe da yamma sai ka miƙar da su, har wata da watanni. Zafin ya fi na wanki. In ka bari, za su sandare, ba kai ba riƙe sitiyari har abada.”

“Ba komi, likita,” in ji Falalu. “In na sa su ruwan fangali, ko jan su aka yi ban ji.” Ya juya. “Malam, alkawali.”

Abdulwahabu ya ji abin da likita ya faɗa sarai. Ya san in ya ƙwace garkar, hannayen ya ƙwace. Ya tuna abin da Bamisren ya gaya masa ranar farko, cewa wanda ya rufe ido a gabanka amana ya ba ka. Ya kuma tuna nauyin mahaifinsa a gadon bayansa. Rama cuta ga macuci ibada, ya faɗa a ransa, ya tafi ya turo babur.

Falalu ba ya iya riƙe komai, sai ya zagayo da damatsansa ya rungume shi ta baya. Haka suka kama hanyar Bakura da la'asar, yana ta surutu a kunnensa, ko mai garkar zai yarda ya ɗanɗana mangwaro, ko ya kamata su tsaya su sayi goro na gaisuwa. Suka bar kwalta, suka bi gefen wata magudanar siminti wadda ba ɗigon ruwa a cikinta. Abdulwahabu ya tsaya a wani fili fetal, jar ƙasa a daddaɓe, ko ciyawar kirki ba ta fito ba. Abu ɗaya ne a tsaye, baƙin dutsen da ya gagari ƙarfe.

“Sauka. Mun iso.”

Falalu ya sauka yana waige-waige. Da idonsa ya sauka kan dutsen, sai murmushin ya tsaya masa a fuska.

“Wanga dutsen ne. To ina garkar?”

“Kai za a tambaya.” Abdulwahabu bai ɗaga murya ba, da muryar barcin nan ya yi magana. “Shekarun baya ka zo nan da katafila. Wani tsoho ya tsaya gabanka da tazbaha, kac ce mai, tsoho kauce, aiki nika yi. Sunanai Malam Isa. Ubana ne. Nan yaf faɗi, inda kake tsaye.”

Falalu ya dubi wurin da yake tsaye. “Wallahi ban tuna ba,” ya ce da ƙyar. “Gonaki da yawa munka... Malam, aike na anka yi.”

“Na sani ba ka tuna ba. Shi ya sa nib ba ka ita.”

Mutumin ya zame ya zauna a kan dutsen. Ya rufe ido, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, yadda aka koya masa. Abdulwahabu ya tsaya yana kallo. Goshin ya tattare, can sai ya buɗe ido firgigit.

“Ta shigo,” ya ce. “Katafilar tana ciki. Ni ne bisa. Malam, don girman Allah hid da min ita.”

“Ni ma tun ran nan nike son in hid da ita. Ba ta fita.”

Ya ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa da ya ga ƙaton nan yana kuka da hannaye a sama kamar mai roƙon ruwa, ba ya ko iya share hawayensa. Wannan ranar ya yi ta jira. Ya juya ya hau babur ya tayar, da niyyar ya bar shi nan ya tako da ƙafa zuwa titi.

Sai ya waiga sau ɗaya, don ya ƙara cika idonsa.

Falalu ya tashi daga kan dutsen ya fuskanci gabas. Tafiya yake a hankali cikin filin, idonsa a buɗe, yana kallon jar ƙasa. Ya ɗan yi gaba, sai ya ratse ta dama, ya kewaye wurin da babu komai. Daidai inda rijiyar take. Ya ƙara gaba, ya duƙar da kansa, ya wuce ƙarƙashin reshen da shi da kansa ya tumɓuke. Haka Malam Isa yake bin wurin kowace safiya. Magaji ba zai iya ba. A duk duniya, ban da Abdulwahabu, babu wanda ya san hanyar nan sai wannan mutumin.

Hawaye sun rufe wa Falalu ido, ya yi tangaɗi, ya ɗaga ƙafa zai sauke ta gefen kunya.

“Kai!” Abdulwahabu ya ji tsawa ta fita daga bakinsa. “Kada ka taka albasa!”

Falalu ya janye ƙafar da sauri. Suka tsaya suna kallon juna, babur na ta ƙugi a tsakanin ƙafafun Abdulwahabu. Can ya miƙa hannu ya kashe shi.