Abin da Sada Ya Ɗauka a Waya

Malama Kulu ta shekara ashirin da biyu tana koyar da matan aure a wata Islamiyya a Kusada. Da turmin haƙorinta ya ruɓe har kunci ya kumbura, likita a wani asibitin kuɗi a Kankia ya ce sai an yi mata allurar barci ta jijiya kafin a tsaga a ciro shi. Ba kwana za ta yi ba, amma dole ta zo da mai mayar da ita gida. Ƙanenta Sada, mai shagon taki, shi ya kawo ta a motarsa.

A gabanta nas ta ja masa kunne. "Za ta farka da wuri, amma kanta ba zai dawo daidai ba sai gobe. Ko ta yi surutai, maganin ne. Kada ka bar ta ita kaɗai."

Kulu ta ji sanyin allurar yana hawa hannunta. Daga nan sai ganin kanta ta yi a ɗakinta bayan la'asar, auduga cike da baki, jiri yana ɗibarta.

Kwana uku da yin aikin, maƙwabciyarta Ulfa ta shigo tana ta kame-kame, can dai ta miƙa mata waya. Kulu ta ga kanta kwance a gadon asibiti, hijabi ya zame, yawu da jini suna bin haɓarta. Ta riƙe hannun likitan tana kiransa da sunan mijinta da ya rasu bara, tana kuka, tana tambayarsa don me ya tafi bai yi mata sallama ba. A bayan hoton muryar Sada ce, dariya har da tari. "Yaya, sake faɗi, ban ji ba!"

Sada ne ya ɗauka, ya tura wa 'yan'uwa. Daga can ya fita gari.

Ko ɗinkin bakinta ba a cire ba, ta zura takalmi ta nufi shagonsa. Ta tarar da shi da manoma biyu.

"Sada, amana aka ba ka ko kallo?"

"Haba Yaya, wasa ne fa. Kowa ya san magani ne."

"Wasa? Ni na goya ka. Da kake fitsarin kwance har ka shiga firamare, wa na taɓa faɗa wa? Kukan da ban yi gaban kowa ba tun da Malam ya rasu, shi ka raba wa gari!"

Maganar ta ja ɗinkin, ta ji gishirin jini a bakinta, amma ba ta sassauta murya ba. Manoman suka sulale. Sada ya goge hoton a gabanta, yana rantsuwa bai yi zaton zai bazu ba.

"Na wayarka ka goge. Na wayar ɗalibaina fa?"

Ranar Asabar ta koma aji. Mata talatin suka sunkuyar da kai, babu mai iya kallonta. Ta ce, "Na san kun gani. Ni ce, kuma mijina nake kira. Ku buɗe littafi."

Sada ya turo kawunsu, ya turo matarsa, ya zo da kansa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Takan amsa sallamarsa, don wannan haƙƙinsa ne. Ban da amsa sallamar, har aka yi girbi bai ƙara samun kalma ɗaya daga bakinta ba.