Sai Asabar, Sarkin Kuka

"Ɗaga masa kai kaɗan, Yaya," in ji 'yar mai aski, tana tura matashi ƙarƙashin wuyan mahaifinta.

Maƙwabcinsu, wani direba, ya ɗaga. Tsohon ya zama ba nauyi, idanun ma sun daina gani. Shekara ashirin da biyar rabon direban da gidan nan, alhali katanga ɗaya ce tsakaninsu. Tun yana ɗan shekara uku tsohon ke masa aski, ya ɗora shi kan katako don ya kai madubi, yana kiransa Sarkin Kuka. Da tashen samartaka ya zo, abokai suka ce askinsa na tsofaffi ne, sai ya koma sabon shago. Daga nan kunya ta hana shi tsayawa, sai gaisuwa daga nesa, hula a danne har kunne. Yau ne, gobe ne, har furfura ta riske shi. Yanzu ya zo neman gafara, bakin kuma ya yi nauyi.

"Wane ne?" in ji tsohon.

"Ni ne, Baba. Maƙwabcinku."

Tsohon ya laluba, ya ture hular, yatsunsa suka bi bayan kunne suka gangara.

"Sarkin Kuka! Wane mugun ne ya ci maka ƙeya haka? Da gatari ya yi?"

'Yar ta tuntsire da dariya. Direban ya so taya ta, sai ga hawaye.

"Baba, ka yafe mini. Na guje ka, ba ka yi mini komai ba."

"Kai, rufe mini baki. Kanka ne, ka kai shi inda ka ga dama. Abin da ya dame ni, ba su san kana da tabo a nan ba, sai su bi ta kai da reza." Ya danna wurin a hankali. "Bar shi ya tofo. Ranar Asabar ka zo in gyara ɓarnar nan."

"Zan zo, Baba."

Ranar Alhamis da hantsi tsohon ya cika.

Asabar direban ya zo. Shagon tsohon na rufe da kwaɗo. Ya zauna a bakin ƙofar, rana na dukan ƙeyarsa, har 'yar ta leƙo ta gan shi, ta koma ciki.