Hoton Kujera

Kwana goma uban yaran ya bayar, kuma ranar ita ce ta goma. Ƙarfe biyar zai zo ya kwashe su, sai kuma hutun baɗi in ya ga dama. Tun da aurensu ya mutu haka ake yi: yara na wajensa, ita kuma Tela, uwarsu, a sam mata gutsuren hutun makaranta.

Tela ba wani abu mai yawa take nema ba. Hoto ɗaya. Babba da Gajere da Auta, su uku a wuri guda, fuskokinsu na kallonta. Wanda ke rataye a bangon ɗakinta ya shekara uku, Auta ma a cikinsa ko haƙori ba ta da shi. Da shi take auna su da ido in za ta yi musu ɗinki, shi ya sa bana wandon Gajere ya tsaya masa a ƙwauri, rigar Babba kuwa ta matse ta a hammata. Tela guda, mai yi wa unguwa ɗinki, ba ta san awon 'ya'yanta ba. Babba ta ce, "Ba komai Mama, zan sa ta a haka." Da zaginta yarinyar ta yi, da ya fi sauƙi.

Wayarta kuwa tun da ta faɗa bokitin wanki, duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar yana tsaye cikin hayaƙi. Shi ne ta yi kuskuren kiran yayarta.

Yaya ta sayi kamara wata huɗu da suka wuce, ta kalli bidiyon koyon hoto a waya har idonta ya yi ja, tun daga nan ta hana a ce mata mai hoto. "Mai hoto shi ne na fasfo," in ji ta. "Ni labari nake ɗauka." Dangi suka sa mata Darakta don tsiya, ta ji, ta karɓa da hannu biyu.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta iso, da jaka biyu da wata sanda mai ƙafa uku. Ko zama ba ta yi ba. Ta tsaya tsakar ɗaki tana jujjuya kai kamar likita a kan marar lafiya.

"Ɗakin nan surutu gare shi."

"Yaya, ai yaran sun yi shiru."

"Ba yaran ba. Kayan. Duk kayan nan magana suke."

Aka fara fitar da masu magana. Keken ɗinki aka ja shi zuwa bakin ƙofa, sai da Tela ta ji kukansa a ranta. Buhun ƙyallaye, agogon bango, kalanda, fanka, duk waje. Tsohon hoton ma Yaya ta ciro shi ta kife a kan gado, wai yana raba hankalin ido. Aka bar doguwar kujera ɗaya kusa da taga, aka cire labulen, aka maye shi da farin zanin gado.

Sai ta juyo kan yaran, ta ga ɗinkin hutu.

"Wannan launin ihu yake. Fari za su sa, dukkansu."

"Yaya, don hoton na ɗinka."

"Ai shi ya sa na zo."

Aka shiga tonon akwati. Babba ta samu farar rigar uwarta, Gajere ya sa ta makaranta, Auta kuwa Tela ta durƙusa a bakin ƙofa ta tattare mata wani farin yadi na wata mai ɗinki, da niyyar warwarewa daga baya. Ƙarfe ɗaya aka gama. Tela ta jera su a kujera, zuciyarta ta ɗan kwanta.

"Bismilla, Yaya."

Yaya ta leƙa taga ta girgiza kai. "A wannan hasken? Rana a tsaka? Zai sa musu inuwa a ƙasan ido kamar masu zazzaɓi. Hasken zinare muke jira."

"Yaushe yake zuwa?"

"Biyar da kwata. Biyar da minti ashirin."

"Ubansu biyar zai zo."

"Namiji? Yaushe namiji ya taɓa cika lokaci?"

Tela kuwa ta san halin uban yaran. Abu ɗaya ke nan da mutumin nan ya taɓa cikawa.

Abincin da ta tashi tun da sassafe ta dafa musu na bankwana yana nan a rufe. Yaya ta hana a zuba, wai mai zai ɓata fari. Aka ba su biskit da ruwa, a tsaye, wuya a miƙe. Auta ta nemi cinyar uwarta, amma uwar hannunta ba fili, don Yaya ta ɗora mata wani faifai mai ƙyalli kamar murfin babbar tukunya ta ce ta riƙe a gefen taga, ta karkata, a'a ta ɗaga, a'a ta sauke kaɗan. Awannin ƙarshe na kwana goma, Tela ta yi su tana haska bango.

Wajen ƙarfe uku aka yi gwaji. Yaya ta ta da yaran ta ɗauki kujerar ita kaɗai sau ashirin don ta ga yadda haske ke zama. Sannan ta mayar da su.

"Kar ku kalli kamara. Ku yi kamar ba na nan."

"Anti, ai ke kaɗai ce a ɗakin," in ji Gajere. "An fitar da komai."

"Yi dariya. Ba wannan ba, ta gaske."

"Me zan yi wa dariya?"

"Ka tuna abin farin ciki."

Gajere ya tuna, ya tuna, sai ya ce yunwa yake ji. Yaya ta sauke kamara ba ta danna ba. Ita ba ta ɗaukar murmushin ƙarya, ta ce, yaro sai ya manta da kansa tukuna.

Babba ta matso kusa da uwarta ta yi ƙasa da murya. "Mama, ki ɗauke mu da wayarki mana. Ko da hayaƙin."

Tela ta ajiye faifan ta kai hannu aljihu. Yaya ta gani.

"Haba ƙanwata. Na bar gidana, na kwaso kaya, don ki zo ki zubar min da mutunci da wannan gwangwanin? In kin gaji da ni ki faɗa, in tattara."

Yaya ce. Ita ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta bari a manta. Tela ta mayar da wayar, ta ɗauki faifai.

Biyar saura minti biyar aka danna hon a waje. Sau biyu, gajeru, yadda ya saba. Ba ya shigowa. Tela ta fita ba takalmi, ta same shi a mota, inji na aiki.

"Baban Babba, don Allah minti ashirin."

"Hanya da nisa."

"Hoto za a ɗauke su."

"Kwana goma ba a ɗauka ba?" Ya sake danna hon, idonsa na kan titi.

Ta koma da gudu. Yaran sun riga sun miƙe, don sun san hon na uku ba ya zuwa da daɗi.

"Yaya danna! Don girman Allah danna!"

Yaya ta danna sau ɗaya, fuska a yamutse kamar an sa ta shan magani. Daga nan sai jakunkuna, sai neman takalmin Auta, sai runguma a tsaitsaye. Auta ta tafi da yadin mutane a jikinta. Motar ta sha kwana.

Biyar da minti ashirin hasken ya zo. Gaskiya Yaya ba ta yi ƙarya ba. Ya ratso farin zanin ya kwanta a kan kujerar, rawaya, mai laushi, har da ɗan lotsawar inda su ukun suka zauna. Yaya ta durƙusa tana dannawa tana cewa, "Kin gani? Kin gani?"

"Nuna min na yaran," in ji Tela.

"Wane?"

"Wanda kika danna."

"Au, wannan. Ya yi motsi. Rabin fuskar Babba, kunnen Gajere, Auta ma baki a buɗe. Na goge."

Tela ta tsaya da faifai a hannu.

"Ba zan saki aiki irin wannan da sunana ba," in ji Yaya. "Baɗi sai mu fara da wuri."

Bayan sati ta aiko da hoton kujerar, babba, a cikin gilashi, ta sa hannu a ƙasa. Tela ta rataye shi kusa da tsohon, tunda ta riga ta buga ƙusa don sabon hoton yaran. Masu kawo ɗinki suna tsayawa su kalla. Wata ta daɗe a gabansa, ta ce kujerar ta yi kyau sosai, ko sayarwa za a yi?

"A'a," in ji Tela, tana zare zare daga bakinta. "Yarana ne."